Shin "feel" ji ne, "touch" kuwa taɓawa? Abin da ya faru a ɗakin masu ciwon suga

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Talata, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da malamai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu ciwon suga. Akwai gwajin da muke yi wa ƙafarsu, domin ciwon idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Wani siririn zare ne na roba kamar tsinken tsintsiya, ana dangwala shi a tafin ƙafa har ya ɗan lanƙwasa, shi kuma mara lafiya idonsa a rufe.

Likitar da muke aiki tare ba ta jin Hausa, ni ke yi mata tafinta. Ta dangwala wa wani dattijo a ƙarƙashin babban yatsa, ta ce "Can you feel this?" Na ce, "Baba, kana ji?" Ya ce, "Ina ji, 'yata." Ta matsa gaba, ya ce yana ji. Wuri huɗu, duk yana ji. Har ta ɗauki biro za ta rubuta cewa ƙafa lafiya lau, sai idona ya kai kan wani gyambo a diddigensa, wanda da na nuna masa ya ce bai san da shi ba. Na sake tambaya, "Baba, wai me kake ji?" Ya ce, "Ke nake ji mana, ai kunnena garau yake."

Jikina ya yi sanyi. Da mun sallami bawan Allah nan a matsayin mai lafiyayyar ƙafa. Don Allah masana, wai ma'ana nawa "feel" ɗin nan take da shi, kuma me ya kamata in ce?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki da alheri da kika lura da gyambon nan. Duk ƙamus ɗin da kika buɗe zai ce miki "feel" ji ne, don haka ba ƙarya kika yi ba. Matsalar ita ce "ji" namu ya fi "feel" nasu faɗi nesa ba kusa ba. Mu da kalma ɗaya muke jin magana, mu ji ƙamshi, mu ji gishiri a miya, mu ji sanyi, mu ji Hausa, mu ji tausayi. Shi Bature ya raba gadon: kunne ya ɗauki "hear", hanci "smell", harshe "taste", fahimta "understand", fata kuma aka bar mata "feel".

Amma da ya zo kan abin da ke cikin rai, bai ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sai ya ari ta fata. "Feel" tsohuwar kalma ce ta asalin Turanci, 'yar uwar "fühlen" ta Jamusanci, kuma tushenta shi ne sanin abu ta hanyar taɓawa. Daga nan ta bazu. Idan likitarki ta ce "let me feel your stomach", so take ta danna cikin da hannu. Wanda ya ce "I feel cold" sanyi yake ji, amma "it feels cold" abin ne da sanyi idan an taɓa shi. "I felt in my pocket" na laluba aljihu ke nan. "I feel like tea" sha'awar shayi ce. "I feel that you are wrong" kuwa ra'ayi ne, inda mu za mu ce ina ganin ba ka yi daidai ba. Kin ga mu a nan ido muka ara, su fata.

Ga dattijon ki, sai ki fito da taɓawar fili: "Baba, duk sanda ka ji an taɓa ka a ƙafa, ka ce min." Daga nan ku yi shiru, ke da likitar.

Mai Shadda:
Malam, ai wannan bayani naka ya tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa. Turanci ya fi Hausa yalwa. Su kalma biyar, mu ɗaya. Ga shi har ta kusa jawo asarar ƙafa.

Mai Fassara:
Alhaji, ban yarda ba ko kaɗan. Shekara da shekaru ina fassara labarai, kuma wahalar da nake sha daga Hausa zuwa Turanci ba ta gaza wadda nake sha daga Turanci zuwa Hausa ba. Ka ba ni Turancin "gabana ya faɗi" da zai fito da faɗuwar. Ka ba ni na "jikina ya yi sanyi" da Maman Sadiƙ ta rubuta yanzu, wanda ba sanyin hunturu ba ne, ba tsoro ba ne, ba kunya ba ce, wani abu ne a tsakaninsu. Raina ya ɓaci daban, zuciyata ta karaya daban, hankalina ya tashi daban, tsigar jikina ta tashi daban. Shi Bature sau da yawa "I was upset" zai ce ya wuce. Balle kunya da kara, a nan kam sai dai ka yi masa sakin layi guda.

Kuma shi kansa "ji" ba talauci ba ne. Ya ji jiki, ya ji rauni, ba ya jin magana, miya ta ji mai, ina ji da yaron nan, mai ji da kai, ina jin zai zo gobe. Kowanne Bahaushe ya san inda aka dosa ba tare da an yi masa bayani ba. A ɗakin gwajin nan ne kawai kunne da fata suka haɗu a wuri ɗaya: ana yi wa mutum magana, ana kuma taɓa shi a lokaci guda, shi ya sa aka samu ruɗani. Kakanninmu ma sun san da bambancin, shi ya sa suka ce jiki ya fi kunne ji.

Mai Shadda:
To na ji. Amma ni dai a kasuwa abin da na sani, idan abokin cinikina na waje ya rufe saƙo da "keep in touch", na gane yana nufin kada mu yanke zumunci. Farkon da na fara gani, sai da na kira yarona ya karanta min sau biyu.

Tsohon Malami:
Alhaji, "touch" ɗin nan baƙuwa ce a Turanci, ba 'yar gida ba ce kamar "feel". A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu tsawon ƙarnuka, kalmomi suka yi ta kwarara. Wajen 1300 "touch" ta shigo. Yau ga ta ko'ina. "In touch" ana jin ɗuriyar juna, "lose touch" an daina. Shugaban da aka ce "out of touch" bai san halin da talakawa ke ciki ba. Gwanin da aka ce "he has lost his touch" hannunsa ya daina faɗawa. "A touch of salt" ɗan gishiri kaɗan, kamar yadda muke cewa ɗan taɓa abinci ko mu ɗan taɓa hira. Akwai kuma wadda ya kamata kai ɗan kasuwa ka sani: "a soft touch", mutumin da ba ya iya hana bashi, kowa ya zo da kuka ya tafi da kuɗi.

Sai wata hanya ta uku, ta Latin. Kalmarsu ta taɓawa ita ta haifi "contact", da "intact", abin da ba a taɓa ba yana nan yadda yake, da "contagious", cutar da ake ɗauka. Har da "tact", wato iya magana ba tare da ka ɓata wa mutum ba. Asalinta taɓawa ce.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi lakwal, wato makarantar boko, kuma abin da Malam ya faɗi haka yake, "toucher" muke cewa. Har albashi ma a Faransanci taɓa shi ake yi, "toucher son salaire", ma'ana ka karɓa. Kuma don Alhaji ya san ba Hausa kaɗai ke haɗa abubuwan nan ba: "sentir" a Faransanci jin wari ne, kuma ji a jiki ne. A Italiyanci "sentire" ya haɗa har da jin kunne, kusan kamar "ji" namu sak.

Inda mu muke faɗawa rami idan mun zo koyon Ingilishi shi ne kalmar "sensible". A Faransanci mai saurin jin abu a rai ne, wanda magana kaɗan ke sa shi hawaye. A Ingilishi kuwa mai hankali ne, mai tunani. Wancan na farko "sensitive" suke ce masa. Wani abokina ya je neman aiki a wata ƙungiya, aka tambaye shi rauninsa, ya ce shi "too sensible" ne. Yana nufin abu na saurin damunsa, su kuma suka ji mutum yana cewa hankali ya yi masa yawa. Bai samu aikin ba, kuma har yau abin na yi masa ciwo.

Ummi 'Yar Aji Uku:
Anti Maman Sadiƙ sannu da ƙoƙari. Baba Malam, ni tawa tambayar a kan "touched", "touching" da "touchy" ce. Malaminmu ya zagaye min "touchy" da jan biro a wasiƙar godiya da aka ba mu jinga, na rubuta cewa ni "touchy" ce saboda alherin da aka yi min.

Tsohon Malami:
Ya yi daidai, jikata. Labari ko aiki shi ne "touching", mai ratsa zuciya. Ke da abin ya ratsa, ke ce "touched". "Touchy" kuwa mai saurin fushi ne, wanda da an ɗan taɓa shi sai ya hau. Idan batu ne aka ce "touchy subject", to magana ce da ake taka-tsantsan da ita. Kin ga wasiƙarki cewa take alherinsu ya mai da ke masifaffiya.

Kuma ki yi hattara da "touched" ɗin ma. A tsohon salon Turancin Ingila idan aka ce mutum "a bit touched" ne, ko "touched in the head", ana nufin kansa ba daidai yake ba.

Mai Fassara:
Malam tsaya! Wannan ai taɓin hankali ne. Taɓaɓɓe. Shekara nawa ina aikin nan ban taɓa haɗa su ba.

Almajirin Zaure:
Kuma ba ku biyu kaɗai ba ne. A Larabci "massu" shafa ce ko taɓawa, kuma ita ake amfani da ita ga wanda hankalinsa ya gushe. Ku duba Suratul Baƙara aya ta 275, inda aka kamanta tashin masu cin riba da tashin wanda Shaiɗan ke bugarwa "minal massi". Harsuna uku, duka sun ɗauki ciwon hankali a matsayin wani abu ne ya taɓa mutum.

Tunda ana maganar faɗin ma'anar taɓawa, mu a fiƙihu abin ya kai har ga hukunci. A Suratun Nisa'i aya ta 43 da Ma'ida aya ta 6 an ce "au lamastumun nisa'a", wato ko kuka taɓa mata. Shin taɓawar hannu ake nufi ko saduwar aure? Hanafiyya suka ce saduwa ce, taɓawa kawai ba ta karya alwala. Shafi'iyya suka ce haɗuwar fata da fata da matar da ba muharrama ba tana karyawa. Mu Malikiyya aka ce sai idan an yi nufin jin daɗi ko an same shi. Kalma ɗaya, manyan malamai sun tsaya a kanta fiye da shekara dubu. Don haka 'yar uwa Maman Sadiƙ, kada ki ga kamar ke kaɗai kalmar taɓawa ta taɓa ba wa aiki.

Ɗan Ƙwallo:
Ni dai a gidan kallo nake jin nawa. "First touch" yadda ɗan wasa ya tarbi ƙwallo, "touchline" layin gefe. Me ya haɗa layi da taɓawa?

Tsohon Malami:
A dokokin ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta a Landan a 1863, idan ƙwallo ta fita ta gefe, ɗan wasan da ya riga taɓa ta shi ke jefo ta. Dokar ta canza, sunan ya zauna.

Ummi 'Yar Aji Uku:
Akwai wanda ya fi min duk waɗannan ciwo. Mahaifin ƙawata ya rasu bara. Ana cikin zaman makoki, kwana na biyu, wani ɗan ajinmu ɗan Kudu ya turo mata saƙo: "I really feel for you." Ina zaune kusa da ita a kan tabarma. Ta karanta, fuskarta ta canza, ta miƙo min wayar hannunta na rawa ta ce, "Ki ga rashin imani, ubana bai kwana uku a ƙasa ba yana cewa yana sona." Ta toshe lambarsa nan take. Ni ma a lokacin haka na fahimta. Sai bayan wata biyu muka gane "I feel for you" ina tausaya miki ne, wanda ke nufin soyayya shi ne "I have feelings for you". Yaron ta'aziyya ya yi. Ta je ta ba shi haƙuri, amma ya riga ya ji ciwon abin, gaisuwa kawai ke haɗa su yanzu.

Baban Amira a Ingila:
Allah ya jiƙan mahaifinta. Irin wannan ko mu da muke zaune cikinsu muna gamuwa da shi kullum. Watan farko da na fara aiki a nan, wata abokiyar aiki ta yi tuntuɓe a matakala, takardunta suka watse. Na ce "sorry, sorry", ina tattara mata. Ta dube ni ta ce ai ba laifina ba ne. Ni sannu nake nufi, ita ta ji neman gafara. Su a irin wannan wurin "are you all right?" suke cewa. Ba su da kalma guda da ke yin aikin sannu, wadda za ka ce wa mai ciwo, da mai aiki, da wanda ya dawo daga tafiya. Wallahi har yau idan na ga wani ya buge, sannun ce ke fara zuwa bakina, kuma ina jin akwai abin da ya rage ban faɗa ba idan na tsaya a tambaya kawai.

Tsohon Malami:
Ita "sorry" ɗin ma daga jiki ta fito, 'yar ɗakin "sore" ce, wato wuri mai ciwo. Haka "hurt", tana aiki ga yankan wuƙa, tana aiki ga yankan magana.

Bari in ƙara ɗaya saboda Maman Sadiƙ. Kalmar da ake kiran marasa lafiyarki da ita, "patient", ita ce kuma mai haƙuri, kuma tushenta na Latin shi ne shan wahala. Daga tushen nan "passion" ta fito, da "compassion", wato shan wahala tare da wani. Kafin "emotion" ta yi ƙarfi, da "passions" da "affections" Turawa ke kiran abubuwan da ke motsi a rai. Ita "emotion" a ƙarni na 16 ta shigo daga Faransanci, tushenta motsawa, kuma da farko har hargitsin jama'a ana kira da ita. Da irin wannan motsin ne har yau suke cewa "I was moved", wato abin ya motsa min rai. Ita kuwa "empathy" da ake ta yayi yanzu, wato ka ji abin da wani ke ji a ransa, jaririya ce: a 1909 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Titchener, ya ƙirƙiro ta don fassara kalmar Jamusanci "Einfühlung", wadda a cikinta ma akwai "fühlen" ɗin da na ambata da farko.

Mai Fassara:
To ga abin da ke damuna ni kuma. Yanzu ko'ina a Facebook sai ka ga "labarin nan ya taɓa min zuciya". Ni ban tashi na ji iyayena na faɗin haka ba. A kunnena "touched my heart" ce aka sa wa riga da hula. Muna da ya ratsa ni, ya sosa min rai, ya shiga raina, na ji har cikin ɓargona. Kuma kowanne da wurinsa: sosa rai na abin baƙin ciki ne, ba za ka ce kyauta ta sosa maka rai ba. Idan alheri ne, sai ka ce na rasa bakin godiya, ko har idona ya ciko. Tsorona shi ne "taɓa zuciya" ta haɗiye su duka, yaranmu su tashi da kalma ɗaya inda muke da biyar. A nan ne maganar Alhaji za ta tabbata, kuma mu muka jawo.

Ummi 'Yar Aji Uku:
Yaya, ni kuma ban ga aibunta ba. Duk wanda ya ji ya gane, kuma ba ta karya ƙa'idar Hausa ba. Yanzu fa Baba Malam ya gama gaya mana "touch" ɗin kanta aro ce daga Faransanci, ba wanda ya ce Turanci ya lalace. Mu ma ai muna cewa abin ya shafe ni, shafa kuwa da hannu ake yi.

Mai Fassara:
Ƙanwata, ba aron nake ƙi ba. Ki ara, amma kada ki zubar da na gida. Ki gwada rubuta ta'aziyya da "ya taɓa min zuciya", ki sake rubuta ta da "ya sosa min rai", ki karanta wa kakarki ki ga wanne zai sa ta share ido.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne "taɓa" tamu na da aikin da "touch" da "toucher" ba su da shi. Na taɓa zuwa Kano. Ban taɓa ganin teku ba. Mu abin da ya faru da mutum ko sau ɗaya a rayuwa, taɓa shi ya yi.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba Malam, yau dattijon ya dawo wankin gyambo, muka sake gwajin yadda ka ce. Na fara dangwala masa zaren a bayan hannu idonsa a buɗe, na ce, "Baba, irin wannan za mu yi maka a ƙafa. Ka rufe ido, ba za mu yi magana ba, duk sanda ka ji an taɓa ka ka ce na'am." Ɗakin ya yi tsit. Likita ta dangwala a babban yatsa, shiru. Ta matsa gindin yatsu, shiru. Sai da ta haura wajen idon sawu sannan ya ce na'am. Da ya buɗe ido na tambaye shi yadda ƙafar take masa in yana tafiya, ya ce ya kai shekara biyu kamar auduga yake takawa, da dare kuma kamar an zuba masa barkono, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Mun hana shi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, mun ce jikansa ya riƙa duba masa tafin ƙafar kullum da yamma, ya kuma zazzage takalmin kafin ya sa.

Na rubuta kalaman a takarda na manna a bangon ɗakin gwaji saboda masu aikin dare. Saura ɗaya, Malam: jiya na ji likitar tana cewa wani mara lafiya da aka shiga da shi tiyata "it was touch and go". Me zan ce wa 'yan uwansa idan sun tambaye ni?

Tsohon Malami:
Ki ce musu an sha da ƙyar, ya kai gargara amma Allah ya yi da sauran kwana. Idan kuwa "it is" ta ce ba "it was" ba, to har yanzu ba a fita daga hatsari ba, ki ce musu su ci gaba da addu'a.